Waya, ƙaramar kyamara ko babba: wacce za ka ɗauka zuwa wuraren tarihi?

Matakala wajen 800 ake hawa kafin a kai Ad-Deir, katafaren ginin nan da aka sassaƙa a jikin dutse can saman Petra a ƙasar Jodan. Ranar da na hau, a jakar bayana akwai babbar kyamara, gilasanta uku (wato idanun da ake ɗaura mata a gaba), da mazauninta mai ƙafa uku wanda ban ko buɗe shi ba har na sauko. Ban kai rabin hanya ba madaurin jakar ya fara cin kafaɗata, riga ta jiƙe sharkaf. Da na isa sama sai na zube a kan wani dutse ina haki, ina kallon wata dattijuwa da ta riga ni isowa tana ta ɗaukar hoto da wayarta, ta matsa nan, ta koma can, hankali kwance. Kafin numfashina ya dawo daidai, hasken yammacin da na sha wahalar hawa dominsa ya gushe.

Wannan rubutu na mutumin da ya tara kuɗin tafiya ne, yana son ya dawo da hotunan da zai yi alfahari da su, amma ya rasa abin yi: ya tsaya a kan wayarsa, ko ya sayi kyamara, in kyamarar ce kuma wace iri. Zaɓi huɗu zan gwada: waya, ƙaramar kyamarar aljihu, matsakaiciyar kyamara mai sauya gilashi, da babbar kyamara irin ta ƙwararru. Daga baya zan taɓo maganar ƙafa-uku da ɗan jirgi marar matuƙi, don su ma suna cinye kuɗin mutane.

## Ma'aunan da za a duba

Nauyi. Wuraren tarihi da ƙafa ake cin su. A Petra sai ka ratsa Siq, matsattsiyar hanyar da ta bi tsakanin duwatsu fiye da kilomita ɗaya, kafin Al-Khazneh, shahararren ginin da aka sassaƙa a fuskar dutse, ta bayyana a gabanka. Machu Picchu a Peru tana mita 2,430 sama da teku, kuma yawancin masu zuwa ta birnin Kusko suke bi, wanda ke kusan mita 3,400, inda hawan bene ɗaya ma kan sa baƙo haki. Ga kamfanonin jiragen sama da yawa kilo 7 kawai suke yarda da shi a jakar hannu, kyamara kuwa ba abin jefawa cikin akwatin da za a loda a ƙasan jirgi ba ce.

Aiki a cikin duhu. A cikin kowace kyamara akwai ɗan faranti mai karɓar haske, ana ce masa sensa. In ana ruwan sama, wanda ya tara baho ya fi wanda ya tara kofi samun ruwa. Haka sensa take da haske. Ta babbar kyamara milimita 36 ce da 24. Ta matsakaiciya, wadda ake kira APS-C, kusan 23 da rabi ce da 15 da rabi. Wadda ake kira mai inci ɗaya 13.2 ce da 8.8. Ta yawancin manyan wayoyi ba ta kai wannan ba, har babbar sensa ta ninka ta fiye da sau goma. Da rana tsaka bambancin ba ya fitowa sosai. Sai ka shiga Masallacin Kurɗuba a Andalus, inda ginshiƙai sama da 800 suke tsaye cikin haske dishi-dishi, ko cocin Lalibela na Habasha da aka haƙa cikin dutse, sannan za ka gane.

Faɗi da nisa. Lambar da ke jikin gilashi ita ke faɗa maka wannan. Ƙaramar lamba, kamar milimita 14 zuwa 24, tana kwaso wuri mai faɗi. Babba, kamar 100 zuwa 200, tana jawo nesa kusa. Dandalin Registan na Samarƙand, mai makarantu uku da suka kewaye fili, faɗi yake so. Rubutun da ke can saman ƙofar Taj Mahal, ko fuskokin dutse na haikalin Bayon a Kambodiya, nisa suke so.

Dokar wurin. Wannan ma'auni shi masu sayen kyamara suka fi mantawa da shi, kuma a ganina shi ya kamata a fara dubawa. A Taj Mahal ba a shiga da ƙafa-uku, ba a tashin jirgi marar matuƙi, ba a ɗaukar hoto a cikin babban ɗakin kabarin, sannan ranar Juma'a a rufe yake ga masu yawon buɗe ido. A Machu Picchu an hana ƙafa-uku da sandar ɗaukar hoton kai da manyan jakunkuna, tikiti kuma da lokacinsa, hanyar zagayawa gaba kawai ake bin ta ba a komawa baya, don haka kusurwar da ka wuce ta wuce ke nan. A cocin Sistine da ke Batikan hoto gaba ɗaya haramun ne, da waya ko da kyamara. Kusan duk gidajen tarihi sun hana fitilar kyamara. Akwai kuma wuraren da doka ta bambanta waya da kyamara: a 2019 Masar ta halatta ɗaukar hoto da waya kyauta a gidajen tarihi da wuraren tarihinta, a lokacin da mai kyamara sai ya yanki tikitin hoto na daban a wurare irin su Kwarin Sarakuna na Luksor. Irin waɗannan dokoki suna sauyawa, shi ya sa ake duba shafin hukumar wurin kafin a ɗaure kaya. Abin da ba ya sauyawa shi ne, gwargwadon girman kayanka gwargwadon yadda mai gadi zai ɗauke ka ɗan kasuwa ya nemi takardar izini.

Juriya. Ƙura da yashi a Giza ta Masar da hamadar Wadi Rum ta Jodan. Feshin ruwa a Mosi-oa-Tunya, magangarar ruwan Biktoriya da ke tsakanin Zambiya da Zimbabuwe, mai faɗin kusan mita 1,700, inda daga Maris zuwa Mayu mutum kan jiƙe kamar an tsamo shi daga kogi. Sanyi mai shanye batir a kan tsaunuka. Da raɓar da ke rufe gilashi idan ka fito daga ɗaki mai na'urar sanyi zuwa ɗumin asubar Angkor, tsohon birnin haikalai na Kambodiya.

Kuɗi da haɗari. Farashin da zan ambata wanda kamfanonin suka sanar ne da dalar Amurka lokacin fitowar kayan. Don kwatantawa kawai na kawo shi, kasuwa tana hawa tana sauka.

Akwai tambaya ɗaya da ta rataya a kan duk waɗannan: ina hoton zai ƙare? In a WhatsApp ne da Instagram, dukansu suna matse hoto su rage shi. Hoto mai megafiksel 12, wato ɗigo miliyan 12, ya isa a wanke shi a takarda A4 ya fito tsaf. Sai mai niyyar wanke hoto babba na bango, ko mai sayarwa, shi ne yawan megafiksel zai dama.

## Waya

In kana da waya mai kyamara mai kyau, ka riga ka biya kuɗin, nauyinta kuma giram 200 ne ko kusa da haka. Manyan wayoyin Apple da Samsung daga wajen dala 1,000 suke farawa, amma ba don hoto kaɗai ake sayensu ba.

Wayoyin yanzu suna da dabarar da ta rufe musu asiri. Idan ka danna sau ɗaya, hotuna da yawa take ɗauka a jere ta haɗe su, ta tsamo haske daga wannan, inuwa daga wancan. Shi ya sa a bakin Siq, inda kake tsaye cikin inuwa Al-Khazneh kuma na cikin rana, waya kan ba ka hoton da sama da ƙasa duk suka fito, alhali mai babbar kyamara sai ya zauna gaban kwamfuta ya gyara nasa kafin ya kai haka. A cikin duhu ma, muddin abin da kake ɗauka ba ya motsi, tana ƙoƙari ƙwarai. Gilashinta mai faɗi, wanda ake gani da alamar 0.5, yana kai wajen milimita 13, ya ishe ka kwaso kubbar Aya Sofiya ta Istanbul daga ciki. Kuma babu mai gadin da zai kalle ka sau biyu.

Inda take gazawa wuri uku ne. Na farko nisa: gilashin jawowa na manyan wayoyi sau uku zuwa sau biyar yake jawowa, bayan haka yankan hoto ne kawai da kwaskwarima, sai ka ga sassaƙar dutse ta koma kamar an shafa mata man shafawa. Na biyu motsi cikin duhu: mutum yana wucewa tsakanin ginshiƙai, tsuntsu ya tashi da magariba, waya za ta mai da su inuwa. Na uku zafi. Apple da kanta ta ce wayarta tsakanin digiri 0 zuwa 35 aka yi ta ta yi aiki. A rana irin ta Luksor allon kan dushe har ba ka ganin abin da kake ɗauka, wani lokaci ma ta ƙi aiki sai ta huce.

Juriyarta ga ƙura da ruwa ta fi ta kyamarori da yawa, don manyan wayoyi a rufe suke ruf. Haɗarinta na wani fanni ne daban: wayar ita ce tikitinka, ita ce taswirarka, ita ce bankinka. Batir ya mutu da azahar saboda hoto, ko ta suɓuce daga kan katanga, ko a fizge ta a cunkoso, ba hotuna kaɗai ka rasa ba.

## Ƙaramar kyamarar aljihu

Iri biyu ne, kuma halinsu ya sha bamban.

Akwai mai jawo nesa, irin Sony RX100 VII da ta fito a 2019 a kan dala 1,200. Nauyinta giram 300 da 'yan kai, sensarta mai inci ɗaya, gilashinta daidai da milimita 24 har 200. Wato ainihin abin da waya ta kasa, shi ta ƙware a kai, kuma tana shiga aljihun riga. A cikin duhu kuwa ba ta fi babbar waya da wani abin kirki ba, wani lokacin ma wayar ta fi ta saboda dabarar haɗa hotuna.

Akwai kuma mai babbar sensa da gilashi ɗaya tak wanda ba ya jawowa. Ricoh GR III, ita ma ta 2019, giram 257 ce da gilashi daidai da milimita 28. Fujifilm X100VI ta 2024 giram 521 ce, megafiksel 40, gilashi daidai da milimita 35, farashinta dala 1,599, kuma ta yi farin jinin da samunta ma ya zama aiki. Waɗannan suna ba da hoto mai kyau na gaske, da launi mai daɗin ido, kuma a lungunan tsohon birnin Fas ko Zanzibar ba su da na biyu. Amma gilashi ɗaya hukunci ne. A gaban dalar Khufu, katafaren kabarin fir'auna da ke Giza, za ka so ka ja baya, igiya ko jama'a su tare ka; a Angkor za ka so ka matsa, tafki ya tare ka. Wanda ya saba yana jin daɗin wannan takura, yana cewa ita ke koya masa gani. Wanda tafiyarsa ta farko ke nan zai yi ta cizon yatsa.

Ta fuskar juriya, wannan rukuni shi ne mafi rauni. Yawancinsu ba a rufe su daga ruwa da ƙura ba, gilashin da ke fitowa ya koma kuma kamar zuga-zugi yake, yana shaƙar ƙura zuwa ciki. In ta kai ga sensa ba ka da hanyar gogewa da kanka, sai mai gyara ya kwance ta. Batir ɗinsu ƙarami ne, na GR III wajen hoto 200 yake ɗauka, don haka sayen na biyu da na uku dole ne.

## Matsakaiciyar kyamara mai sauya gilashi

A nan nake ganin kwalliya ta fi biyan kuɗin sabulu, ga wanda ya ɗauki hoto da muhimmanci. Canon R50 ta 2023 giram 375 ce, dala 679 ba gilashi. Sony a6400 giram 403 ce, wajen dala 900. OM System OM-5 giram 414 ce, dala 1,200, sensarta ta ɗan fi APS-C ƙanƙanta amma an rufe jikinta daga ruwa da ƙura, kuma tana da na'urar hana girgiza mai ƙarfi. Fujifilm X-T5 ta fi su tsada da nauyi, dala 1,700 da giram 557, ita ma a rufe take. Ka ɗora wa kowaccensu gilashi ɗaya mai zuwa daga faɗi zuwa nisa, irin 18 zuwa 135 ko 18 zuwa 150, duka kayan ba su kai kilo ɗaya ba ko sun ɗan taɓa shi, kuma ka samu kusan duk abin da wurin tarihi zai nema.

Na'urar hana girgizar nan ta cancanci a tsaya a kanta. Tunda wurare da yawa sun hana ƙafa-uku, hannunka ne mazaunin kyamara. Kyamarar da sensarta ke motsi ta rama rawar hannu tana barinka ka buɗe wa haske ƙofa na tsawon rubu'in daƙiƙa ko fiye ba tare da hoton ya girgiza ba. A cikin masallaci ko kabari mai duhu, wannan ya fi maka ƙarin megafiksel amfani nesa ba kusa ba. R50 da a6400 ba su da ita a jiki, sai dai a gilashi, don haka in ɗayansu ka zaɓa ka tabbata gilashin yana da ita.

Sauya gilashi kuwa ni'ima ce mai tafe da sharaɗi. Na taɓa cire gilashi a cikin hamada ana 'yar iska, na ce daƙiƙa biyar ce kawai. Da na dawo masauki na buɗe hotunan a kwamfuta, sai ga ɗigo uku baƙaƙe a sararin samaniya, wuri ɗaya, a kowane hoto na kwana biyu. Ɗan hakin da ka raina ke nan. Tun daga lokacin, a mota ko a ɗaki nake sauyawa, bakin kyamara na kallon ƙasa, kuma 'yar robar hura iska ba ta barin jakata.

Sauƙin amfani matsakaici ne. In ka bar ta a kan sarrafa kanta za ta yi aiki, amma kada ka yi mamaki idan hotunan makon farko ba su kai na wayarka armashi ba, don kyamara ba ta yi wa hoto kwalliya kamar yadda waya ke yi. Tana buƙatar ka koyi abu uku: buɗin gilashi, saurin ƙiftawa, da ƙarfin jin haske. Wata guda kafin tafiya ya isa, daren tafiya bai isa ba.

Ga mai ƙaramin ƙarfi akwai wata ƙofa: tsofaffin kyamarori na hannu, masu ɗan madubi a ciki da ke aika hoto zuwa wurin leƙawa. Tunda Canon da Nikon suka karkata ga marasa madubi, irin su Nikon D3500 da D5600 da Canon 250D sun yi araha a kasuwar kayan hannu. Sun ɗan fi girma, amma hotonsu ba ya jin kunya a gaban kowa, batir ɗinsu kuma abin mamaki ne: na D3500 an auna shi a kan hoto sama da 1,500, alhali yawancin marasa madubi 300 zuwa 500 suke yi.

## Babbar kyamara

Ba zan ɓata lokaci wajen yabonta ba, kowa ya san ita ce gaba a duhu, a taurarin dare, da hoton da za a wanke ya cika bango. Sony a7 IV ta 2021 dala 2,500 ce, kusan giram 660. Matsalar ba jikinta ba ce, gilasan ne. Mai 24 zuwa 70 na ƙwararru giram 700 ne zuwa 900, kuɗinsa ya haura dala 2,000. Mai 70 zuwa 200 ya wuce kilo ɗaya. Ƙara mai faɗi da batura da caja, ka cinye rabi ko fiye na kilo 7 ɗin nan na jakar hannu, kuɗin kuma ya kai na wata tafiyar sukutum.

Tana da juriya, an gina ta don wahala. Amma tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka: ita ce mai jawo idon ɓarawo, da tambayar mai gadi, da ɗari-ɗarin mutanen da kake son ɗauka, waɗanda da waya ce ba za su ko kula ba. Kuma jakar da ta yi nauyi ita ake bari a masauki a rana ta uku.

## A dunƙule

| Ma'auni | Waya | Ƙaramar kyamara | Matsakaiciya | Babba |
|---|---|---|---|---|
| Nauyi da gilashi | wajen giram 200 | giram 250 zuwa 550 | giram 700 zuwa kilo 1 da ɗoriya | kilo 1.5 zuwa 4 |
| Kuɗi da dala | kana da ita, ko 1,000 zuwa sama | 900 zuwa 1,600 | 1,000 zuwa 2,500 | 3,500 zuwa sama |
| Cikin duhu | da kyau in ba motsi | ya danganta da sensa | da kyau | mafi kyau |
| Jawo nesa | rauni | da kyau, ko babu sam | da kyau | da kyau, da nauyi |
| Ƙura da ruwa | da juriya | rauni | wasu a rufe, wasu a'a | da juriya |
| Sauƙin koyo | mafi sauƙi | da sauƙi | sai an koya | sai an koya sosai |
| Matsala da masu gadi | kusan babu | kusan babu | jefi-jefi | ta fi yawa |
| Babban haɗari | rasa komai lokaci ɗaya | ƙura a ciki, batir | ƙura wajen sauya gilashi | sata da gajiya |

## Ƙafa-uku da ɗan jirgi

Ƙafa-uku na da amfani a wuri biyu: hoton dare, da ruwan da ake so ya fito sumul kamar auduga. Masu zuwa ganin fitowar rana a Angkor Wat, wanda ƙofarsa ke kallon yamma don haka rana daga bayansa take ɓullowa, sukan taru bakin tafki tun ƙarfe biyar na asuba, kafaɗa da kafaɗa, har wurin kafa ƙafa uku ya zama abin faɗa. In tafiyarka ta birane ce da gidajen tarihi, bar shi a gida. Katanga, jaka, ko ginshiƙin da za ka jingina sun wadatar.

Ɗan jirgi marar matuƙi kuwa shi ne sayayyar da ta fi jawo nadama. Kamfanin DJI yana yin ƙanana da ba su kai giram 250 ba, saboda ƙasashe da dama sun sassauta doka ga masu wannan nauyi, sai mutane suka ɗauka ko'ina za su tashe shi. Hukumar gandun dajin ƙasa ta Amurka ta hana su a duk wuraren da take kula da su tun 2014, har da Grand Canyon. A Maroko kwastam kan riƙe shi tun a filin jirgi. A Masar dokar 2017 ta ce sai da izinin ma'aikatar tsaro, saɓa mata kuma na iya kai mutum gidan yari. Kusan duk shahararren wurin tarihin da kake mafarkin gani daga sama, an riga an hana tashinsa a can.

Batura kuwa, na kyamara ne ko na cajin waya, a jakar hannu ake sa su, ba a cikin kayan da za a loda ba, kuma ƙa'idar da aka saba ita ce kada ɗaya ya wuce Wh 100 (awon yawan wutar da batir ke ɗauka) sai da izini.

## Wa ya dace da me

In tafiyar ta iyali ce, ko ta mako guda cikin ayari mai jagora da ke cewa minti ashirin a nan, minti goma a can, wayarka ta isa. Kuɗin kyamarar ka sayi batir ɗin ko-ta-kwana mai kyau da igiyar ɗaura waya a wuyan hannu, sauran ka ƙara kwana ɗaya a wurin don ka samu safiya da yamma.

In kana son wayarka amma kullum abin da ke ba ka haushi shi ne nesa, ƙaramar kyamara mai jawowa ita ce abokiyar tafiyarta. Waya ta yi faɗi da duhu, kyamara ta yi nisa, batir ɗin wayar kuma ya huta.

In tsofaffin birane da kasuwanni da fuskokin mutane suka fi jan hankalinka a kan gine-gine, kuma ka riga ka san hoto, mai gilashi ɗaya za ta faranta maka. Kada dai ta zama kyamararka ta farko.

In kana so ka koyi hoto da gaske, kana tafiya sau ɗaya ko biyu a shekara, kana son ka wanke wasu ka rataya, sayi matsakaiciya da gilashi ɗaya mai faɗi da nisa. Da ni za a tambaya, wannan zan nuna wa mutum bakwai cikin goma da suka ce waya ta yi musu kaɗan. In hanyarka ta hamada ce, ko dazuzzuka masu ruwa, ko magangarar ruwa, ƙara kuɗi ka ɗauki wadda aka rufe jikinta, ka tabbata gilashin ma a rufe yake, don rufaffen jiki da buɗaɗɗen gilashi aikin banza ne. In kuɗin bai kai ba, tsohuwa mai madubi ta hannu, bayan ka ɗauki hoton farar takarda da ita ka duba ko akwai ɗigo.

Babba ta mai cin abinci da hoto ce, ko wanda ya yi tafiyar musamman don taurarin hamadar Atakama ko hasken da ke rawa a samaniyar Aisland, yana da mota, yana da lokaci, ya kuma nemi izininsa tun daga gida. In kana cikin waɗannan amma sau ɗaya za ka yi irin tafiyar, akwai kamfanonin da ke ba da hayar kyamara da gilashi na mako ɗaya ko biyu. Karɓi kayan kwana uku kafin tashi, ka zagaya da jakar a bayanka na awa biyu, ka cire duk gilashin da ba ka taɓa ba.